Wutar da Ta Ƙi Ɗumama Ɗaki

Duk wanda ya ba ku labarin nan a unguwarmu ta Saminaka zai ce muku ɗanyen itace na kawo gida, shi ya sa wuta ta ƙi amfani. Ƙarya ne. Wasu kuma cewa suke tsamiya na sara aljanunta suka biyo ni, har akwai wata mata a layinmu da ta rantse ta gan ni ina faɗuwa ina birgima a tsakar gida. Ita ma ƙarya take yi, ban taɓa faɗuwa ba, kuma a ranar ko reshe ɗaya ban sara ba. Ni da na tashi da gatari a hannu a ce ban san ɗanyen itace da busasshe ba? Shi ya sa na zauna na rubuta da kaina. Wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba ba na roƙonsa. Abin da na sani kawai, wallahi tallahi ya faru da ni, a nan Birnin Gwari, shekara uku ke nan, da rana tsaka, ina cikin hankalina.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, bai haifi namiji ba. Mu biyu ne mata, Yaya Hajara sai ni auta. Ita ba ta son wahala, ni kuma ba na son zama, don haka ni nake binsa bakin daji tun ina firamare, kuma a wajensa na koyi komai. Marke ya fi kowane itace, yana ci a hankali, garwashinsa ya kai ka safiya. Ƙirya ta fi shi ƙarfi amma sai ta cinye maka bakin gatari. Ɗorawa tartsatsi ne da ita, kaɗanya kuwa ba ma taɓa ta sai in iska ce ta kayar. In an sare an yanka gunduwa-gunduwa, a faskara shi tun yana ɗanye, don in ya bushe a dunƙule sai ka gwammace kiɗa da karatu, kai, bari in faɗa kai tsaye, sai hannunka ya fashe bai tsage ba. A jera a kan duwatsu kada ya taɓa ƙasa gara ta samu hanya, ɓawon yana kallon sama, a bar tsakani iska ta ratsa, bayan wata guda a sauke a juya, na ƙasa ya koma sama. In kana son sanin ya bushe ɗauki biyu ka gwara su. Busasshe ƙara yake yi kamar ƙarfe, ɗanye kuwa dum, kamar ka bugi buhun masara, kuma in ya shiga wuta sai ka ji yana tsuwa yana kumfa ta gindi. Duk wannan na san shi tun ban kai shekara goma ba, kada wani ya zo yana koya mini.

A shekarar da abin ya faru na gama sakandare ina zaune a gida, Baba ya shekara biyu da rasuwa, Yaya Hajara kuma ta dawo gida goyon ciki, cikin fari. Mijinta direba ne, sai ya yi sati uku ba a gan shi ba. A wajenmu in mace ta zo goyon ciki, abu na farko da ake tanada ba kayan jariri ba ne, itace ne, domin kwana arba'in za a yi ana dafa ruwan wanka safe da yamma, ga kaskon garwashi da ake shigarwa ɗaki don ɗumi. Babu namiji a gidan, don haka aikina ne. Na yi lissafina daidai. Ungozoma ta ce haihuwar sai wajen shigowar zafi, ni kuma ana gama girbi na je gefen gonarmu, inda har yanzu ake iya zuwa, na kayar da marke biyu, na faskara, na jera a bayan ɗakin Inna. Wata uku ya ishe shi ya bushe ƙayau. Ban yi kuskure a ko'ina ba.

Sai yarinyar ta zo a wata bakwai, a tsakiyar sanyi.

Bakwaini ce, mace. Ban taɓa ganin mutum ƙarami haka ba, tafin hannuna biyu sun rufe ta, kukanta ma sai ka kasa kunne. Malamar asibitin da ta duba ta ta ce ba ta da wani ciwo, ɗumi ne maganinta: a manna ta a ƙirjin uwarta, a rufe, ɗakin kuma kada ya huce, kada hayaƙi ya shiga. Maganar kai ta Kaduna ko tayar da ita ba a yi ba, kowa ya san yadda 'yan bindiga suka addabi hanyar, ba a ɗaukar irin wannan jaririya a hau ta. Muka dawo gida na zaro daga jerina na gwara. Dum. Sati biyar kawai ya yi. Na sa a murhu duk da haka, ya yi ta tsuwa yana kumfa, hayaƙi ya cika gidan har Inna ta ce in kashe kafin in kashe su. Na zaga gari neman busasshe. Tun da 'yan bindiga suka hana shiga cikin daji busasshen itace ya yi wuya, ɗan wanda ake samu masu gidan biredi da masu tsire ke tare shi tun a hanya. Kwana biyu muka yi da kara da guntayen da maƙwabta suka tsakuro mana. Kara kuwa kun sani, bal ɗaya ne ya zama toka.

A bayan gidanmu akwai Mama Saratu, Bagwariya ce, Kirista, tun kafin a haife ni take sayar da itace, kuma har yanzu a kafaɗa take ɗaukar kaya kamar yadda suke yi. Ita da wasu mata sukan haɗu su ɗauki a-kori-kura su je ƙauyukan da aka watse ta wajen Kakangi, su tsinci matattun itatuwa, su fita da hantsi su dawo kafin azahar. Na ce zan bi su. Inna ta ce, "Auta, ba da yawuna ba. In rasa ubanku in rasa ki?" Na ce, "To Inna ki zaɓa, ko ni in je ko jaririyar nan ta tafi." Ban jira amsarta ba, na bi su.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Shekara biyu ke nan da tashinsa a lokacin. Jinkunan duk sun rufta, ciyawa ta bushe a tsakar gidaje har ƙugu, turmi ɗaya na gani a kife ya tsage. Matan suka bazu kowa da addarta, ba mai ɗaga murya. Ni na zaga bayan wani gida da ke ƙarshen gari, sai na tsaya cak. Jerin itace ne, tsayinsa ya kai ƙirjina. Marke zalla, an faskara shi daidai wa daida, a kan duwatsu, ɓawo sama, tsakani a buɗe, irin jerin da Baba zai gani ya gyaɗa kai. Na ɗauki biyu na gwara, suka yi ƙara har cikin haƙorina.

A samansa akwai ɗaurin ciyawa an danne da dutse. Ga wanda bai sani ba, haka matan ƙauye ke yi: in mace ta sare itacenta ta jera a daji ya bushe, sai ta ƙulla ciyawa ta ɗora a kai, ma'ana da mai shi. Ba makulli ba mai gadi, amma ko wata shida zai yi ba wanda zai taɓa. Na san wannan sarai. Kuma zan faɗi gaskiya, na ga abu biyu da ya kamata su tsayar da ni. Damina biyu ta wuce a kan itacen nan amma babu gara, babu ruɓa ko a na ƙasa. Sannan ciyawar da aka ƙulla koriya ce shar, alhali a duk faɗin garin babu koren abu ko ɗaya. Na gani, na ɗauke dutsen, na jefar da ɗaurin gefe.

Ina cikin kwasa Mama Saratu ta zagayo. Ta ce, "Auta, wannan da mai shi."

Na ce, "Mai shi tana ina?"

"Ba ki ga ɗauri ba?"

"Na gani, Mama. Na kuma ga jaririyar da na baro a gida."

Ta ce, "Zo mu raba nawa, in ba ki rabi."

Na dubi nata, 'yan ƙiraruwa ne da ba za su kai kwana uku ba. Na ce na gode. Ba ta sa mini hannu ba, sauran matan ma ba wadda ta taɓa ko guda. Ni kaɗai na yi ta jigila har na kwashe shi tas. A mota duk suka koma gefe ɗaya suka takure, ni da itacena muna ɗaya gefen. A raina na ce ku kuka sani.

Da na hura shi a gida, ashana ɗaya ya kama. Ban taɓa ganin wuta mai kyau haka ba, ja-wur, babu hayaƙi ko kaɗan, tana ci a natse. Inna da ta ƙi yi mini magana tun safe har ta sa mini albarka. Na ɗora babbar tukunya, na zuba ruwa da ganyen darbejiya, na shiga na yi sallah, na ci abinci, na fito. Awa guda ta wuce. Na tsoma yatsa a ruwan, sanyi ƙalau kamar yanzu aka jawo shi daga rijiya. Na ce ko iska ce ke kwashe zafin, na kakkare murhun da kwano, na ƙara itace, wuta har tana lasar bakin tukunya. Wata awar ta wuce. Ruwa yana nan yadda yake.

Ni fa na yi makaranta, ba na cikin masu cewa aljani da an ji motsi. Na ce hannuna ne ya sandare. Na ɗauko man kaɗe a murfin gwangwani na ajiye a bakin garwashi, abin da ko a tafin hannu narkewa yake. Na tsaya ina kallo, yana nan daskare. Sai na kai hannuna kusa da wutar, na matsa, na ƙara matsawa, har harshenta yana ratsa yatsuna. Ba komai. Na ɗauki garwashi guda, ja, yana haske, na riƙe a tafin hannuna kamar tsakuwar rafi. Inna na tsaye a bakin ɗaki tana kallona. Ta ce, "Innalillahi. Ajiye, Auta, ajiye." Na ajiye. Ko ja hannuna bai yi ba.

Da a nan ya tsaya da da sauƙi. Na kashe wutar na hura kara, shi ma ya ci babu zafi. Na ɗauki kasko na shiga gidan maƙwabciyarmu Iya Abu na ɗebo garwashi daga murhunta, sai da na naɗe hannu da tsumma saboda zafi, amma ina ƙetare zaurenmu na ji kaskon ya huce a hannuna, garwashin kuwa yana nan jajir. Da yamma muka ce to mu bar gidan. Muka lulluɓe Yaya da jaririyar muka kai su ɗakin Iya Abu, ɗaki mai ɗumi har gumi ake yi a ciki. Ba mu yi rabin awa ba jikokinta suka fara jawo mayafi. Iya Abu ta kai hannu kan kaskonta, ta janye, ta sake kaiwa, sannan ta dubi Inna ta ce, "Ki yi haƙuri, ni ma da ƙanana a ɗakin nan." Ba mu ga laifinta ba. Muka kwaso muka dawo. A nan na gane ba gidan abin ya kama ba, yarinyar ya kama, tunda da sunanta aka hura wutar.

Inna ta aika aka karɓo rubutu, aka yi addu'o'i, ni ma na yi. Ɗumin da ya rage a gidan nan na jikin mutum ne kawai, don haka muka yi ta karɓa-karɓa, Yaya ta manna ta a ƙirji, in ta gaji Inna ta karɓa, sannan ni. Da gari ya waye ta daina kama nono. Tafin ƙafarta kamar ƙarfe, leɓenta ya fara canja launi. Yaya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage ni ba, kallona kawai ta yi ta ce, "Auta, me kika kawo mana?"

Na fita na samu Mama Saratu tana shara. Ban gama gaisuwa ba ta ce, "Nawa kika ƙona?"

Na ce, "Ya kai dami huɗu."

Ta ce, "Mayar da sauran inda kika ɗauko. Wanda kika ƙona ki cika da naki, wanda hannunki ya sara."

"Nawa ɗanye ne."

"Ita za ta faɗa miki wannan, ba ni ba."

Na ce, "Ita wa?"

Ta jingine tsintsiya ta ce bari ta ɗauko mayafinta.

Ranar ba ranar zuwa itace ba ce, amma direban a-kori-kurar ya san Baba, ya ce don shi zai kai mu, awa ɗaya zai ba ni, in na wuce haka zai tafi ya bar ni. Da muka isa ya juya kan mota yana kallon hanya, bai kashe inji ba. Mama Saratu ta raka ni har inda take iya hango bayan gidan, ta tsaya, ta ce iyakarta ke nan. Na yi ta jigila ni kaɗai kamar jiya. Hantsi ya ɗaga, rana tar, babu wani duhu balle a ce idona ne. Ina jerawa da sauri, duk inda ya faɗa ya faɗa, hankalina yana gida, sai na ji an ce daga ɗaya gefen jerin, "Ba haka ake yi ba."

Mace ce, za ta yi sa'ar Inna. Zane biyu, ɗaya ta ɗaura ɗaya ta yafa, ƙafarta ba takalmi. Kada ku tambaye ni kofato ko dogon gashi, ba ta da ko ɗaya. In a kasuwa na gan ta ba zan waiwaya ba. Ban ji zuwanta ba, kuma a busasshiyar ciyawar nan ko ƙadangare ya wuce sai ka ji. Ta sa hannu ta fara sauke abin da na jera tana mayarwa ɗaya bayan ɗaya, ɓawo sama, tsakani a buɗe. Ni kuma, ban san dalili ba, sai na ci gaba da miƙa mata.

Da ta zo kan nawa ta ɗauki biyu ta gwara. Dum. Ta ce, "Ɗanye ne."

Na ce, "Shi nake da shi, Iya."

Ta juya guda tana duba bakin saran. "Wanda ya koya miki ya iya. Ke ce mai gaggawa." Ta ajiye shi a sama, inda rana za ta fi dukansa. "Don wa kika ɗiba?"

"'Yar yayata. Bakwaini ce."

Ta ce, "Mace?"

"Mace."

"Tawa 'yar ma ta kusa haihuwa," in ji ta. "Yau ko gobe. Tana ciki tana kwance, nauyi ya yi mata yawa, ba ta iya tashi da sauri." Ta nuna ɗakin da haɓa. Na duba. Ɗaki ne ba jinka ba ƙyaure, ta ƙofar kana hango ciyawa tsaye a ciki har bango. Ta ce, "Ni kaɗai na sare shi, ni kaɗai na faskara, ubanta ba ƙarfi gare shi ba. Da kin yi sallama kin tambaya."

Bakina da bai san shiru ba ya ce, "Ai ba kowa a garin."

Ta ɗago ta kalle ni, karo na farko ke nan. Ta ce, "Kin yi sallamar?"

Na ɗauko wani guda na miƙa mata.

Muka gama jerin. Ta sunkuya ta tsinko ciyawa a gindin bango, inda na rantse busasshiya ce, ta ƙulla, koriya a hannunta, ta ɗora ta danne da dutse. Ta ce, "Ɗanyen nan sai ya ƙara wata biyu. Ki zo ki juya shi, ni ba na son taɓa ɗanye." Na ce to. Ta ce, "Je ki, ruwanku ya tafasa."

Ban yi gudu ba, amma ban waiwaya ba. A mota na tambayi Mama Saratu ko ta ga matar. Ta ce, "Na gan ki kina miƙa itace. Na ga jeri yana gyaruwa ta ɗaya gefen." Na ce su waye masu gidan? Tana kallon hanya ta ce, "Da rana aka tashi garin nan. Ba kowa ne ya iya gudu ba."

Muna shiga zaure na ji ƙamshin darbejiya. Inna ta ce ta hura kara ne kawai don kada ta zauna haka, tana zaune tana kallon tukunya sai ta ji murfi ya fara rawa, har ruwan ya zubo ya ƙona mata yatsan ƙafa. Tana nuna mini ƙunar tana dariya tana hawaye. Mama Saratu ta juye mana duk busasshen da take da shi, muka lallaɓa da shi da na sauran matan har nawa ya fara kamawa. Kafin la'asar yarinyar ta kama nono. Ranar suna aka sa mata Nana. Yanzu tana nan a gidan ubanta, shekararta uku, ba abin da ta fi iyawa sai tsiwa, wai ni ta biyo.

Bayan wata guda na koma na juya itacen kamar yadda na yi alkawari. Na yi sallama tun daga bakin gari, ba a amsa ba, ban ga kowa ba. Na sauke, na juya, na mayar da ɗaurin inda yake. Tun daga nan ban sake zuwa ba, amma matan suna ba ni labari duk shekara ba tare da na tambaya ba: jerin yana nan, ko guda bai ragu ba, gara ba ta taɓa shi ba. Ni dai ban san mene ne wannan ba. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce aljana ce ta ɗauki siffar mai gidan, ɗaya ya ce in daina tunanin abin in riƙe azkar. Na riƙe azkar ɗin. Shawarata gare ku, ku da kuke shiga garuruwan da aka watse kuna kwasar ƙyaure da turmi da itace kuna cewa ba mai shi: ku yi sallama tukuna, ku tsaya ku saurara. In kun ga abu an ɗaure an danne, ku bar shi, ko da kuwa shekara goma ya yi. Masu shirin haihuwa kuma ku sare itacenku tun cikin yana wata uku, kada ku yi lissafi da wata tara kamar yadda na yi.

Abin da ya sa na rubuta yanzu ba a bara ba shi ne, kwana goma sha biyu da suka wuce Mama Saratu ta shigo gidanmu, ta ja ni gefe don kada Inna ta ji, ta ce jerin ya fara raguwa. Na ce wataƙila 'yan bindigar daji ne suke ɗiba. Ta ce su in sun zo kwashewa suke su watsar da sauran, wannan kuwa daga sama ake ɗauka a jere, a mayar da ɗauri, kuma matan sun ga hayaƙi siriri yana tashi daga ɗakin da ba jinka, da hantsi, daidai lokacin ruwan wanka. Ta ce, "Ina jin an sauka."

Ni na jera itacen nan da hannuna, na san yawansa. Ba zai kai kwana arba'in ba. In an yi tattali ya kai ashirin da biyar, kuma ban san ranar da aka fara ba. Jiya Yaya ta kira ni a waya muna hira, a tsakiyar magana take ce mini ruwan wankan Nana ya daɗe a wuta bai yi zafi ba, wai ko itacen da mijinta ya sayo ne ba shi da kyau. Na ce mata wataƙila.

Ina da marke jeri guda a bayan ɗakin Inna, na sare shi tun bara, ya bushe har yana tsagewa da kansa. Na yi magana da direban a-kori-kurar nan, gobe da hantsi zai zo. Zan kwashe shi duka, in haɗa da kanwa da gero na kunu, tunda haka ake zuwa barka. Inna za ta ji labari bayan na dawo. Zan tsaya a bakin gari in yi sallama in jira. In ba a amsa ba in shiga in jera, ɓawo sama, in fito. In an amsa zan gaishe ta in tambayi mai jego, amma ko ta ce in shigo in ga jariri, ba zan leƙa ɗakin nan ba.